Na Aje Moto Ana Gab da Nowel

Malama mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ne Ishaya, ɗan kabu-kabu a Malanville.

Tun da watan Nowel, wato Kirsimeti, ya kama ban zamna ba. Daga kasuwa sai Gaya, daga Gaya sai Madekali, har addu'ar safe na bari. Shekaranjiya na ɗauko wata mata da jinjirinta, ina ta gudu. Kusa da duwan, wato kwastan, kamiyon albasa, wata ƙatuwar mota, ya yo kanmu. Na taka burki, muka zube gefen hanya. Jinjirin ya yi shiru, uwar tana ta girgiza shi, sai can ya tsala kuka.

Na tura moto, wato babur ɗina, har majami'a. Babu kowa ciki. Ko addu'a na kasa, amma da na daɗe zamne, zuciyata ta kwanta.

Na ce ma matata Rahila ba ni sake hawa moto sai bayan biki, bana shinkafa da addu'a sun ishe mu. Ta ce, "Dangina na tahowa daga Tumbutu, da wane ido za ni dube su?" Har yau ba ta sake yi mini magana ba.

Masu saurare, mi za ni ce mata? Ina gaida abokan aikina na bakin kadarko, ku rage gudu.