Kifin Ƙanƙara Zuwa Ƙauyen Masunta

A rumfar jiran kwalekwale a Nembe, Mama Ebiere tana zaune da kwalin kifin ƙanƙara a cinyarta, sai wani mutum sanye da rigar kamfanin mai ya zauna kusa da ita.

"Mama, kifi za ki kai ƙauyen masunta?"

"Wane kifi kuka bar mana? Tun da bututunku ya fashe, ko ƙaguwa ka ɓare warin fetur take yi."

"Ai kun kai ƙara Turai. Ku jira hukunci."

"Mijina ne ya fara ba da shaida. Har ciyawa ta rufe kabarinsa, lauyoyi suna can suna gardamar kotun da za ta saurare mu."

"Allah ya ji ƙansa. Amma a faɗi gaskiya, yaranku ne ke huda bututun suna satar ɗanyen mai suna tacewa a daji."

"Ɗana, bututun nan ya girme ka, tsatsa ce ta cinye shi. Yaron da ya gaji taru, ya tarar rafi ya mutu, me zai ci? Da akwai kifi, ai Tonye ba zai taɓa..."

Ta kame bakinta, don sunan ɗanta ne ta furta gaban mai wannan rigar.

Mutumin ya dubi baƙin ruwan rafin, sannan ya rage murya.

"Mahaifiyata ma wannan ruwan take sha. Jibi jami'an tsaro masu sintiri za su shiga dajin gabas. Ki ce masa ya zauna a gida."