Kujerar Gindin Fanka

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba. Ina shara a zauren tashar jirgin ruwa ta Kochi na ji wata tsohuwa 'yar Siri Lanka da jami'in shige da fice suna magana.

"Mama, ba ki cike wurin masauki a takardar nan ba."

"Ɗan nan, ba sauka na zo yi ba. Jirgin da na fito shi zan koma. Haƙorana na roba ma suna can cikin kofi."

"Tafiyar farko ta ƙare. Sai kin shigo Indiya kafin ki fita ta biyu."

"To, ga ni na shigo."

"Ba ki shigo ba sai na buga hatimi, ba na bugawa kuma sai da masauki."

"Yanzu a ina nake ke nan?"

"Ba kya ko'ina, kuma jirgi ba ya jira. Rubuta ko gidanki na Kolombo, zan kau da kai."

"Ɗana ya sayar da shi. A ganinka don son teku ya yanko mini tikiti biyu a jere?"

Jami'in ya juya biro, ya dube ta.

"A wace kujera kika zauna ɗazu?"

"Waccan, ta gindin fanka."

"Rubuta ta."

"Ba ta da mai ita?"

"Ke ce."

Ya buga hatimin shiga, ya bi da na fita.

Washegari da safe na kwashe kujeru zan goge ƙasa. Ta gindin fanka kam, sai da na yi sallama kafin na ɗaga ta.