Ranar da Muka Juya Muka Dubi Kadiatu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Tahidu. Limaminmu Afa Abdul-Mumuni, Allah ya ƙara lafiya. Wakilin Sarkin Zango. Dattawanmu na Bulpiela da na Kaladan. Iyayenmu mata da ke zaune bayan rumfa. 'Yan'uwana samari, har da waɗanda suka ɗare kan katanga: ina gaishe ku duka da gaisuwar ban girma.

Ni ne Masahudu, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Na gode wa kwamiti da ya ba ni wannan wuri, ni da karatuna bai yi nisa ba. Kwamiti ne ya aike ni wurin Baba Ibrahima, in roƙe shi ya rera mana tsohuwar waƙarsa ranar bikin cikar ƙasarmu shekara guda da samun 'yanci. Na je, na dawo. Ya ce ba zai zo ba. Dalilinsa ne ya tsayar da ni a gabanku, kuma wallahi da kunya nake tsaye.

Na farko, bari in tuna mana wace irin waƙa ce, domin akwai baƙi a cikinmu. Waƙa ce da kakannin kakanninmu suka zo da ita a hanyar fataucin goro, ba kiɗa, ba ganga, sai murya da tafin hannu a kan buzu. A cikinta zuciyar ɗan Adam gari ce mai ƙofofi, zunubai kuwa baƙi ne da ke zuwa neman masauki. Hassada ta shigo ta ƙofar ido, gulma ta shigo ta ƙofar kunne ta fita ta baki, ha'inci ya shigo ta hannu. Rai shi ne mai gari, yana ta buɗe musu yana cewa yau kaɗai za su kwana, har ranar da za a kira shi ya tarar babu ɗakin da ya rage nasa. Kuma waƙar tana da ladabinta. Idan aka ambaci zunubi, kowa sai ya sunkuyar da kai ya dubi tafin hannunsa, ya amsa: “Ni ne, Ubangiji, ka yafe.” Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Ba a ɗaga kai, ba a duban na kusa.

Na biyu, abin da ya faru watan jiya a sadakar arba'in ta marigayi Andani. Yawancinmu muna wurin. Baba Ibrahima ya zo kan baitin ha'inci, wanda ke lissafa mai tauye mudu, da mai ɓoye ruɓaɓɓen goro a ƙasan kwando, da mai zuba wa nono ruwa. Da ya ce mudu, kowa ya sunkuya. Da ya ce goro, kowa ya sunkuya. Da ya ce nono, sai wata murya daga cikin samari ta ce, “Kadiatu, ana kiranki!” Aka fashe da dariya, aka juya, maza da mata, aka zuba mata ido. Na san mai muryar, kun san shi, ba kuwa zan faɗi sunansa ba, don kada ku juya ku yi masa abin da muka yi mata.

Jama'a, na yi ta tunani a kan abu guda. Masu awon hatsi sun fi goma a zaman nan, masu goro ba su ƙirguwa. Me ya sa ba a kira ko ɗaya ba? Don suna da yawa, don 'yan gida ne, don kowannensu yana da ɗan'uwa a gefensa. Mai nono kuwa ita kaɗai ce, Bafulatana daga rugar bayan Vittin, ta zo gaisuwar mutuwa don marigayin ya daɗe yana sayen nononta. Ba mai laifi muka zaɓa ba, wadda ba ta da kowa muka zaɓa.

Na uku, abin da idona ya gani tun daga ranar. Rumfata tana kan hanyarta. Da can kafin azahar ta wuce da ƙwarya wayam, tana tsokanata, “Mai keke, yaushe za ka gyara wa saniyata ƙafa?” Yanzu sai bayan la'asar take wucewa, ƙwaryar tana nan yadda ta zo, har wuyanta ya karkace. Mata sun daina kiranta gida. Yara suna binta suna rera baitin, baitin da aka yi don a yi kuka da shi. Shekaranjiya na tsayar da ita na ce, “Inna, sauke in saya.” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, kai ma ɗanɗanawa za ka yi ka je ka ba su labari?” Ta ce mutanenta za su tashi da shanu bayan sallar Juma'a, su nufi gabas, domin ba ta iya zama a garin da sunanta ya zama waƙar yara. Juma'a kuwa jibi ne.

Wani zai ce, to, ka tabbata ba ta zubawa? Ban zo in rantse muku ba, ban taɓa tsayawa a kanta tana tatsa ba. Abin da na sani, shekaru muna sha ba wanda ya yi ƙorafi, sai da aka yi dariya sannan kowa ya tuna wai nonon ya yi masa ruwa-ruwa. Ashe harshenmu ma sai an gaya masa abin da zai ji.

Da na isar da saƙon kwamiti, Baba Ibrahima bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Masahudu, wa ya aiko ka?” Na ce, “Baba, manyan gari.” Ya ce, “Manyan nan suna wurin ranar sadaka?” Na ce suna nan. Ya ce, “To ka gaya musu na rera waƙar nan a gaban fatake masu takobi, ba wanda ya ɗaga kai. Yanzu kun mai da ita gwafar kama mutane. In na zo filin biki na ambaci zina, wa za ku nuna? In na ambaci sata, ɗan wa za ku kora? Ku nemi 'yan badujala, su ba sa ambaton kowa.”

Iyayena, ku gafarce ni, ƙaramin bakina ne, amma saƙo aka ba ni. Muna shirin murnar cewa yanzu mu ke riƙe da kanmu, ba Bature a bisanmu. Ranar nan babu Bature a wurin. Mu ne, mu kaɗai, da limami, da dattawa, da ni, kuma ba wanda ya ce a bari.

Saboda haka roƙona ba na waƙa ba ne. Ko Baba ya zo ko bai zo ba, za a ɗaga tuta, za a ci shinkafa. Roƙona shi ne gobe da sassafe, kafin su fara ɗaure kaya, a samu waɗanda za su taka har ruga, su tsaya a gaban Kadiatu da mutanenta, su ce mun yi kuskure, ta zauna. Wa zai je?

Alhamdu lillahi. A'a, ya isa haka, samari ku zauna. In muka tafi da wannan yawa za su zaci korarsu muka zo yi. Mma Alimatu da Mma Abibata, tunda ku kuka fara miƙewa, ku ne a gaba. Allah gafarta Malam liman, na ga ka ɗaga sanda, mun gode, ni zan ɗauke ka a keke. Ban yi muku alkawarin za ta yarda ba. Mai yiwuwa ta saurare mu ta ci gaba da ɗaure kayanta, kuma in ta yi haka ba mu da bakin magana. Amma za mu je.

Allah ya yafe mana abin da muka yi muna dariya. Allah ya sanyaya zuciyar wadda muka ɓata wa. Allah ya jiƙan Andani, wanda muka yi wannan a ƙofar gidansa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.