Kunyar Masu Masauki

A tashar motar Mbale na ji su, ina jiran ɗana da ya tafi gasar kacici-kacici ta makarantu. Wata mata ce mai kwandon ayaba da wani dattijo.

"Baba, ka ji zalunci? Makon jiya makarantar 'yata Nambozo ta ci kowane wasa a gasar kacici-kacici, amma wasu aka tura zagaye na gaba a Kampala. Wai maki ake tarawa!"

"Haka dokar take, 'yata. Wanda ya fi sani shi ke fin maki."

"Wanda ya ka da kowa fa? A kokawa maki ake ƙirgawa?"

Dattijon ya yi dariya. "To, me ya hana su tara makin?"

Ta gyara zaman kwandonta.

"Wasan ƙarshe da masu masauki aka yi. Su suka ciyar da yaranmu. Na ce wa Nambozo in sun wuce su ta sauke hannu ta daina amsawa, ba a kunyata mutum a gidansa."

"Ta kuwa sauke?"

"Duk ta san amsoshin, Baba. Tana kallona, hannunta a cinya."

Ni ma abin da na gaya wa nawa ke nan da safe.