Shanun Mutanen Bune

Hamidu dillalin shanu ya ji gaskiya da kunnensa, ya taka ta. A tashar Gure na ji shi yana hira da wani dattijo mai jiran motar Damagaram.

"Baba, waccan farar a-kori-kura zan saya, ta ja mini tirelar shanu."

"Wace irin tirela?"

"Babba, mai ɗora wuyanta a bayan mota."

"Ka gwada ta?"

"Kamar yadda ake gwada san amalanke. Na ɗaura mata, ta ja a fili."

"Da kaya?"

"Wayam."

"A gangara fa? Tayoyin motar na baya ɗai-ɗai ne. In tirela ta cika, ita za ta tura mota, birki ba zai riƙe ba. Don me ba ka duba mai tayoyi bibbiyu ba?"

"Waccan mummuna? A gan ni cikinta ranar kasuwa?"

Dattijon ya dube shi. "Shanun naka ne?"

"Na mutanen Bune ne, amana."

"To, shi ya sa."

Hamidu ya sayi farar, ya loda shanun. Tirelar ta kife da motar a gangarar hanyar Gidigir, shanun suka mutu. Alƙali ya ƙwace garken Hamidu na kansa, ya raba wa masu shanun.