Katin Da Na Ce A Ƙona

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Sunana Rifkatu. Ku yi haƙuri, a zaune zan ba da shaidata, tsayuwa tana gajiyar da ni.

Shekarar da soja suka koma bariki aka cire mini nono ɗaya saboda ciwon daji. Bayan aikin, sau shida ina shiga motar danfo daga Agege zuwa babban asibiti, a ɗaura mini wani ruwa ja kamar zoɓo. Ranar ƙarshe likita ya yi dogon bayani da Turanci yana rubutu a bayan katina. Abu ɗaya na kama: na gama.

Tun ina budurwa a Kafanchan nake karatun littattafan soyayya, kuma a cikinsu idan wahala ta wuce sai a rufe littafi. Ranar da muka yi godiya a nan majami'a, na miƙa wa maigidana Bulus katin, na ce, "Baban Ladi, ƙona shi. Abin da Allah ya binne ba zan tono ba." Na hana kowa kiran sunan ciwon a gidana.

Bayan wata takwas ƙafafuna suka kumbura. Kafin in tsallaka layin dogo zuwa kasuwa sai na huta sau uku. Na je wani ƙaramin asibiti a unguwa, likitan ya ce, "Madam, kin taɓa yin wani babban ciwo?" Na ja mayafi na rufe ƙirji, na ce a'a. Ta baya kawai na bari ya auna ni. Ya ce asma ce. Wata biyu ina shan maganin asma, jiki sai ƙara lalacewa yake.

Wata Talata da rana numfashi ya ƙi. Ko durƙusawa na kasa. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Ka ɗauke ni, ko ka nuna mini hanya."

Bulus ya ce amin, ya tashi ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko wasiƙun da na rubuta masa lokacin da yake nemana, ɗaure da zaren saƙa. A tsakiyarsu ga katin!

"Ashe ba ka ƙona ba?"

"Maman Ladi, shekara goma sha biyu kina ba ni takardu. Wacce na taɓa ƙonawa? Tashi mu tafi."

Muka koma ƙaramin asibitin. Likitan ya juya katin, ya dafe kai. "Haba madam! Jan ruwan nan yana iya raunana zuciya, ko bayan an gama ɗaura shi. Ga shi an rubuta a duba zuciyarki idan numfashi ya yi wuya. Da na sani, da tuni na tura ki." A ranar ya tura ni babban asibiti.

Zuciyar ta yi rauni, sun ce ba za ta koma kamar dā ba. Ƙwaya kullum, miya ba gishiri, tsiren unguwar Sabo sai dai in ji ƙamshi. Amma ina numfashi. Yabo ga Ubangiji!

Mata 'yan'uwana, faɗa wa likita tsohon ciwo ba rashin bangaskiya ba ne. Kafin a ɗaura miki ruwan nan, ki tambaya me zai yi wa zuciyarki, ki kuma ajiye katinki. Ku ma'aikatan asibiti da ke cikinmu, don Allah ku faɗa mana da harshen da muke ji, ku maimaita.

Ku dogara ga Ubangiji. Na gode masa da ya ba ni mijin da, sau ɗaya a aurenmu, ya ƙi jin maganata. Amin.