Barista Sharfuddeen Ya Tafi, Shari'ar Inna Rahamatu Na Nan Ran Talata

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Masu girma alƙalai, malamanmu, lauyoyi abokan aikin marigayi, Hajiya Halima Sa'adiyya da 'ya'yanki, ina gaishe ku. Ni ne Sama'ilu, mutanen Gwiwa suka turo ni, kuma da tsoro na zo, ba zan ɓoye muku ba.

Yau lauya ba ya wuya. Ofis-ofis ne daga nan Kazaure har Kano, kowa da allonsa, kowa na rantsuwa zai ci maka shari'a. Ba wannan muke nema ba. Talaka na neman wanda zai saurare shi har ya kai aya.

Barista Sharfuddeen ya kasance mai ɗaga waya da kansa. Ya kasance in ba ka da gaskiya zai ce, "Malam, koma gida ka nemi sulhu." Ya kasance ba ya karɓar shari'ar gona sai ya hau babur ya je ya taka iyakarta. Ya kasance ya san kunyarmu.

Ga Inna Rahamatu can zaune. Gonar ɗanta na fari, wanda ya rasu, ake son ƙwacewa daga hannun marayunsa shida, kuma ita kaɗai ce shaidar da ta rage. A kotu lauyan wancan ɓangaren ya ce, "Faɗi sunan mai gonar!" Ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba. Har an fara cewa ba ta san shi ba, sai Barista ya miƙe ya ce, "Inna, wanda kike kunyar nan, Abu ne?" Ta ce, "Shi ne." Alƙali ya rubuta.

Ran Talata za a sake tsayar da ita. Mun zaga lauyoyi uku, ba mu dace ba. Ɗaya ya yi dariya, ya ce a koya mata furta sunan. Wallahi za ta bar gonar ta tafi kafin ta furta, yaran nan su shiga damina ba inda za su shuka.

Barista Sadiqa, 'yata, mun san ko arba'in ɗin mahaifinki ba a yi ba, kuma aikinki a Kano yake. Da kunya muke roƙo, amma ki zo mana.

Mun gode. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri. Ya Allah, kada ka bar tsohuwar nan ta tsaya ita kaɗai. Amin.